Otal a tsibirin Jarba

Jarba tsibiri ne na ƙasar Tunisiya, cikin Bahar Rum. Babu kogi ko ɗaya a cikinsa. Tun kaka da kakanni mutanensa suna gina rami su daɓe shi, su tara ruwan sama.

A bakin teku, nesa da hayaniyar kasuwar Humt Suk, akwai wani otal. Farin gini ne tsakanin itatuwan dabino. Ba a jin komi sai motsin ruwa. Masu kuɗi ke zuwa daga Turai su huta.

Wani tsoho ne ke ban ruwan lambun otal ɗin. Kowace safiya yana wuce tafkin wankan baƙi, cike da ruwan daɗi. Ruwan nan ta bututu ake jawo shi daga nesa. Tun 2018 kuma ana tace ruwan teku, a fidda gishiri. Aiki ne mai tsada.

Tsohon ba ya ƙin baƙi, don da albashin otal yake ciyar da ƴaƴansa. Amma in ya ga famfo yana ɗiga, sai ya aje aikinsa ya je ya rufe shi. Yana tuna uwarsa. Ko ruwan wankin kwanoni ba ta zubarwa banza, sai a gindin itacen zaitun.