Ɓarnar da Ba a Gada ba

Tambayar farko da dangin mai sankarar babban hanji kan yi wa likita ita ce: gado ne? Idan aka ce musu a'a, maimakon hankali ya kwanta sai ya ƙara tashi, domin abin da aka gada yana da asalin da za a nuna da yatsa, shi kuwa wannan kamar daga sama ya faɗo. Ga shi kuma mafi yawan masu cutar a wannan rukuni suke. Waɗanda suka gaji wata sananniyar illa daga iyaye ba su wuce kimanin biyar cikin ɗari ba.

Amsar tana cikin bangon hanjin kansa. Shimfiɗar cikinsa takan sabunta cikin kwanaki kaɗan, ƙwayoyin halitta na rabuwa dare da rana, kowace rabuwa kuma sai an kwafi littafin gado gaba ɗaya. Magatakarda komai ƙwarewarsa, in ya shekara hamsin yana kwafi, sai alƙalami ya zame. Yawancin kurakuran ba su da tasiri. Waɗanda ke da haɗari su ne masu faɗawa kan ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne taka wa rabuwar birki.

A 1971 Alfred Knudson, yana nazarin sankarar idon yara, ya lura cewa irin wannan birki biyu-biyu yake zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma sai duka biyun sun lalace cuta ke samun hanya. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, sara guda ya rage masa. Wanda bai gada ba sai an sare shi sau biyu a cikin ƙwaya ɗaya, shi ya sa tasa cutar kan jira shekaru su ja.

Labarin p53 ya fi kowanne ban mamaki. An gano shi a 1979, aka kuma shafe shekara goma ana ɗaukarsa mai rura wutar sankara, saboda ana yawan samunsa jibge a cikin ƙari. Ashe mai gadi ne aka tarar a wurin sata aka kama shi da sunan ɓarawo. A 1989 Suzanne Baker, ɗaliba a ɗakin binciken Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ta duba ƙarin hanjin da suka rasa wani yanki na kuromosom na 17. Kwafi ɗaya na p53 ya tafi tare da yankin, wanda ya rage kuma ta same shi gurɓatacce. Sara biyun Knudson ke nan a fili. Wanda masana suka yi ta nazari a baya shi ne gurgun. Lafiyayyen aikinsa dakatar da ƙwayar da ta samu rauni, ko ya umurce ta da ta mutu.

Shekara guda bayan haka Eric Fearon da Vogelstein suka tsara tafiyar cutar mataki-mataki, daga lafiyayyen bango zuwa ɗan tsiro, daga tsiro zuwa sankara. A 1991 aka gano APC a kuromosom na 5 ta hanyar iyalan da ke gadon ɗaruruwan tsiro, sannan aka tarar shi ne birkin da ke fara tsinkewa a yawancin waɗanda ba su gaji komai ba. Daga nan KRAS kan maƙale a kunne, shi totur ne ba birki ba, sai SMAD4 na kuromosom na 18, p53 kuwa yakan faɗi can gaba, dab da lokacin da tsiron zai zama mai ratsa bango. Littattafan ɗalibai sun mayar da wannan tsani mai tsayayyun matakai, alhali su masu tsarin sun fi ba taruwar ɓarnar muhimmanci a kan jerinta.

Tafiyar takan ɗauki shekara goma ko fiye, galibi ba ciwo ba alama. Wannan jinkiri shi ne babbar dama, domin likita na iya leƙa hanji da na'ura mai kyamara ya cire tsiron tun p53 na tsaye a bakin aikinsa. Inda babu na'urar, ko ake danganta duk jinin bayan gida da basir ana ta shan jiƙo, shekarun nan goma a banza suke wucewa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya hana ɗalibin likitanci a Najeriya haddace tsanin ido rufe. An gina shi ne kan ƙarin da aka ciro daga marasa lafiya na Amurka da Turai. Wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife suka yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, aka buga a 2021, ya samu lalacewar APC ta yi ƙaranci sosai a marasa lafiyar Najeriya, yayin da ƙarin da ke da matsalar gyaran kuskuren kwafi suka fi yawa. Bambancin ba na takarda kaɗai ba ne, domin wannan nau'i na biyu shi ne ya fi karɓar magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, kuma sai an gwada naman ƙarin ake gane shi.