Ranar da Na San Ganɗata

A ajin tsarin sauti na fara jin kalmar ganɗa, wato rufin bakin nan da ake furta /y/ a wurinsa. Na haddace ta saboda jarrabawa kawai.

Shekaru na yi ina dirzar haƙorana da buroshi mai tauri, a zatona tsafta ce. Sannu a hankali dasashina na ƙasa ya janye, saiwar haƙora biyu ta fito fili, ruwan sanyi ya gagare ni sha. Likita ya ce dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa, sai dai dashe.

Bayan allurar kashe zafi, ya yanko ɗan nama daga ganɗata, ya ɗinke shi a kan saiwar. Mako biyu na yi daga kunu sai farfesu, magana ma da ƙyar. Duk /y/ ɗin da na furta sai ta tuna mini inda ganɗa take.

'Yan uwana ɗalibai, da bakin nan za mu ci abinci a fagen nazarin harshe. Mu nemi buroshi mai laushi, mu riƙa gogawa a hankali.