Masu Kasa Kunne ga Sararin Sama

Duk wanda ya saba da akwatin rediyo a zangon Parakou ya san dare ya fi rana kawo murya. Da rana tashoshin kusa kaɗai akan kama, amma da zarar rana ta faɗi sai muryoyin ƙasashe masu nisa su yi ta kutsowa, wata bisa wata. Dalili kuwa shi ne, can sama akwai wani rufi na iska wanda da dare yakan komo da igiyar matsakaicin zango ƙasa, kamar yadda bango ke komo da ƙwallo. Albarkacin rufin nan ne tashar TWR da aka buɗe kusa da Parakou a 2008, a kan mita 191, ta iya kai wa'azi da Hausa har cikin Nijeriya.

Akwai kuma igiyoyin da rufin ba ya tarewa, suna ratso shi daga waje su iso duniya. A 1932 wani injiniya a Amurka mai suna Karl Jansky yana neman abin da ke ɓata wayar tarho da ke ƙetare teku, sai ya iske wata 'yar ƙara da ke fitowa daga tsakiyar farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama. Daga nan masana suka soma kafa manyan faya-fayan ƙarfe domin su saurari taurari. A 1960 Frank Drake ya juya faifai mai faɗin mita 26 wajen taurari biyu, yana neman ko akwai masu hankali da ke aiko da saƙo. Bai ji kowa ba. Har wa yau ba a fasa neman ba, aikin ma ya matso kusa, gama a 2017 ƙasar Gana ta mai da wani tsohon faifan sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ya zama na sauraron sama.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne halin mutanen nan sa'ad da suka ji abin da ba su gane ba. A 1967, a Kambirij ta Ingila, wata ɗaliba, Jocelyn Bell, ta ga alama a takardar na'ura tana bugawa kowane daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ƙari ba ragi, sai ka ce makaɗi ne. Cikin raha aka yi mata laƙabi da sunan 'yan ƙananan mutane masu koren jiki. Amma ba su ruga gidan jarida ba. Suka ci gaba da dubawa, har Bell ta sami wata irinta a wani gefen sama dabam. Ashe gawar tauraro ce da ta dunƙule, tana juyawa tana watso igiya kamar fitilar hannu da ake wulwulawa cikin duhu.

Na Ostireliya ya fi ban dariya. A garin Parkes akwai faifai mai mita 64, wanda tun 1998 yakan kama wani ɗan walƙiyar sauti jefi-jefi, ba a san mafarinsa ba. Shekara 17 ba a gano bakin zaren ba. Manyan malamai suka yi rubuce-rubuce, waɗansu suna zaton tsawa ce. Da aka jera lokutan da abin ke zuwa, sai aka ga yawancinsu sun faɗa wajen cin abincin rana. A 2015 wata ɗaliba, Emily Petroff, da abokan aikinta suka kama mai laifin: na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata. In mai jin yunwa ya ƙosa ya buɗe ƙofarta kafin ta tsaya, sai ɗan sauran igiyar ya tsere, faifan ya cafke. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Su da kansu suka buga labarin kowa ya karanta, ba su ɓoye ba, wannan kuwa abin a yaba musu ne, gama ba kowane malami ke yarda a yi masa dariya a fili ba.

Faifan nan ne kuma ya kama wata ƙara a 2019 lokacin da yake fuskantar tauraron da ya fi kusa da rana, wanda haskensa ke cin shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. Labarin ya fasu a ƙarshen 2020, duniya ta ɗauka. A 2021 masu binciken suka ce daga na'urorin 'yan adam ne.

Wannan hali ba baƙo ba ne a Djougou. Garin tsohon mazaunin fatake ne a kan hanyar goro daga Gwanja zuwa Kano, madugu kuwa ba ya ta da ayari domin mutum ɗaya ya ce hanya ta yi lafiya, ko farashi ya tashi a Salaga. Yakan jira na biyu ya zo daga wata hanya, ya tambaye shi shi kaɗai, sa'an nan ya gwada maganar biyu. Dokar Musa ma, a Maimaitawar Shari'a sura 19, ba ta yarda a yanke magana da bakin mashaidi ɗaya ba. Abin takaici, yanzu saƙon murya guda a wayar hannu ya isa ya ta da hankalin unguwa. A ce wai masana sun ji maganar waɗansu halittu, wai ana ɓoyewa, wai alamar ƙarshen zamani ce, kafin Lahadi ta zo tsofaffi sun kwana da tsoro, samari kuma sun zo majami'a da tambaya: in akwai su, ina matsayin bangaskiya? Tambayar tana da kyau, bai kamata a kori yaro dominta ba. A 2008 José Gabriel Funes, firist mai shugabantar ɗakin binciken taurari na Vatikan a lokacin, ya ce yiwuwar rai a wata duniya ba ta saɓa wa bangaskiya, tun da ba mai iya yi wa Mahalicci iyaka. Sai dai kafin a kai ga wannan muhawara, a fara gaya wa yaron gaskiyar da ke ƙasa: har yanzu ba a tabbatar da saƙo ko ɗaya ba.

Akwai dai guda ɗaya da ya ƙi warwaruwa. Ranar 15 ga Agusta 1977, na'urar jami'ar jihar Ohayo ta kama wata ƙara mai ƙarfi, wajen ninki 30 na shuuu ɗin da aka saba ji, kusa da zangon da Drake ya saurara. Ta yi daƙiƙa 72, wato iyakar lokacin da na'urar ke iya duban wuri ɗaya kafin duniya ta juya da ita. Ba kowa a wurin. Bayan 'yan kwanaki Jerry Ehman yana duba takardun, ya kewaye lambobin da jan biro, ya rubuta kalmar mamaki a gefe. An koma an saurari wurin sau da yawa, da na'urorin da suka fi waccan ji, shiru. A 2024 waɗansu masana suka kawo shawara cewa wataƙila gajimaren iskar haidurojin ne ya haskaka farat ɗaya, ana kan gwada maganar. Na'urar da ta ji ƙarar kuwa an rushe ta a 1998, aka shigar da filin cikin wurin wasan golf.