Dodon Cikin Kaset

A shekarar 1994, ina yaro, yayana ya sayo wani kaset a Babbar Kasuwa ta Katsina: Purana Mandir, fim ɗin Indiya na 1984 wanda 'yan gidan Ramsay suka shirya da ɗan abin hannunsu. Daren nan ko fitsari na kasa fita, don tsoron Samri, mugun da aka fille wa kai.

Kwanan baya na nuna wa ɗalibaina wani yanki, suka bushe da dariya, wai fuskar roba ce. Gaskiyarsu. To amma kakata da fatar baki kawai take shigo mana da Dodo tsakar gida, har mu ƙanƙame juna.

'Yan'uwa marubuta, mu riƙe wannan: iya jan zaren labari ke tsorata mutum. Kaset ya daɗe da lalacewa, Samri kuwa bai bar ni ba.