Taba da Ciwon Suga: Ɓarnar da Ba Ta Jiran Furfura

Bahaushe yakan auna cuta da zafinta. Kalmar ciwo kanta ta haɗa cutar da raɗaɗin da take jawowa, shi ya sa wanda babu inda ke yi masa zugi yakan ce lafiyarsa ƙalau. Matashi mai ciwon suga da ke shan taba yana iya shafe shekaru yana faɗin haka, alhali sakamakon gwajin asibiti yana faɗin akasinsa.

Likitoci ba sa jiran zuciya ta gaza kafin su gane tana cikin haɗari. Sukan duba hawan jini, da yawan kitsen da ke yawo cikin jini, da gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da kuma furotin da ke tsiyaya cikin fitsari idan ƙoda ta fara taɓuwa. Yawan suga shi kaɗai yana cin bangon hanyoyin jini. Taba kuwa ƙara wa Barno dawaki take yi. Nikotin yana tsuke hanyoyin, ya hanzarta bugun zuciya, ya kuma rage tasirin insulin a jiki. Hayaƙin yana rage kitse mai amfani da ake kira HDL, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Shisha ma ba ta kuɓuta ba, domin gawayinta yana ƙara gubar da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata.

Ƙuruciya a nan ba garkuwa ba ce. Wanda nau'in farko na ciwon ya kama yana ɗan shekara 10, kafin ya kai 25 hanyoyin jininsa sun yi shekara 15 suna fama. Rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da nau'i na biyu ya fi yawa ga mashaya taba da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. A Nijeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma har gobe mai tebur yana warware kwali.

A nan manazarta Hausa suke da rawar takawa. Likita yana da lambobi, majiyyaci yana da kalmomi biyu kacal, lafiya da ciwo. Ana bukatar lafazin da zai bayyana halin da ke tsakaninsu, wato jikin da ya fara lalacewa tun bai fara kuka ba. Saƙon da za a isar kuwa mai daɗi ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara guda bayan barin taba, haɗarin ciwon zuciya yakan sauka zuwa kusan rabin na mai sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.