Yini Guda Da Masu Rawar Ƙwarya A Daura

Motar da ta ɗauko mu daga Kano ta bi ta Kazaure, muka sauka Daura da hantsi, ranar Asabar, ana tsakiyar hunturu. Hazo ya lulluɓe garin har ba a iya hango ƙarshen titi. Wata ƙawar yayata ce ta yi mini hanyar ganin wasu mata waɗanda kiɗan ƙwarya da rawa ne abincinsu. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: macen da ba ta da albashi, ba ta da shago, ba ta da lokacin tashi daga aiki, yaya take sanin nawa take nema, kuma yaushe take cewa na yau ya isa?

Mai Napep ya karɓi naira 300 daga tasha. Ya bi da ni ta gaban fada, inda Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar yake zaune tun 2007, na ga dogarai biyu cikin jajayen kaya suna shan hantsi. Da ya gane baƙuwa ce, bai tambaye ni ba ya karya kan keken zuwa rijiyar Kusugu. Yanzu a cikin gini take, an rufe ta an gyara, kuma baƙo kan sha ruwanta don tabarraki. Kowa ya san labarin: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kaɗai, har Bayajida ya zo ya kashe shi ya auri Daurama. Na leƙa, na sha, muka wuce. Sai daga baya na gane cewa matan da zan gani su ma rijiyarsu ba kullum take ba da ruwa ba.

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Katangar ƙasa ce aka shafe da siminti, zaure ɗaya, sai tsakar gida mai faɗi da bishiyar bedi, wadda mu a Kano muke ce wa darbejiya. A ƙarƙashinta na tarar da mata tara a kan tabarmi biyu. Uwar ƙungiyar, wadda duk suke kira Inna, za ta haura shekara sittin, ita ce zabiya. Uku masu kiɗa ne, biyu 'yan amshi, uku masu rawa. Akwai wani yaro jikan Inna mai ɗaukar kaya da kula da lasifika, shi ba a ƙirga shi a rabo, sai dai a ba shi na alawa. Mafi yawansu zawarawa ne, biyu suna da aure kuma da izinin mazajensu suke fita. Na durƙusa na gaishe su, Inna ta ce, “'Yar nan, zauna, ai baƙonka ruwa ne.” Aka kawo mini fura a kwanon sha.

Kayan aikin suna jingine jikin bango. Babbar ƙwarya guda, wadda ake kifawa a cikin bahon ruwa a riƙa dukanta da sanduna har ta ba da wannan amo mai kauri da ake ji a ƙirji, sai ƙanana huɗu da ake kifawa a kan tsumma. Ɗaya ta tsage, an ɗinke ta da zare, ɗinkin ya yi baƙi saboda hannu. Wannan kiɗa ne na cikin gida, na mata zalla, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta kai shi gidajen rediyo da talabijin kafin rasuwarta a 2013. Duk wadda na yi wa maganarta a gidan sai ta gyara zama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina kalanda ce ta wani shagon magani da ke rataye a ƙofar ɗakin Inna. An zagaye wasu ranaku da jan biro, wasu da baƙi. Ja yana nufin an ba da kafin alƙalami, baƙi kuwa magana ce ta baki, tana iya tashi. A watan da na je, kusan kowace Juma'a da Asabar da Lahadi tana da zagaye, ranakun tsakiyar mako kuwa fes, sai suna ɗaya ko biyu. Ɗaya daga cikin masu kiɗan ta ɗaga mini shafukan baya. Watannin damina kamar an share su. Mutanen karkarar Daura manoma ne, babu mai aurar da 'ya yana tsakiyar noma da rumbu wayam. Sai an girbe gero da wake da riɗi, an kai kasuwa, sannan biki yake tashi. Haka nan makonnin da ke gab da azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen kai amarya, har sukan yi biki biyu a yini ɗaya. Azumi na kamawa a kife ƙwarya a saman ɗaki, wata guda cur babu ko sisi. Bayan Sallah a sake fitowa. Sai kuma Sallar Gani a watan Mauludi, lokacin da hakimai da jama'arsu suke cika garin, 'yan Daura mazauna nesa su dawo gida, kowane gida da baƙi.

To a kan wannan shekara mai tudu da gangare suke ɗora lissafinsu, kuma ba da wata suke yin sa ba, da adashi suke yi. Babbar cikin masu rawan, wata doguwa mai 'ya'ya uku, ta yi mini bayani tana ƙirgawa da yatsu. Tana zubin naira 5,000 duk Lahadi, su goma ne, ranar kwasarta ta ɗauki 50,000. Wannan dubu biyar ita ce gaba da komai. Idan ta haɗa ta tun ranar Juma'a, abin da ta samu Asabar na cefane ne da kuɗin makarantar allo da sabulu. Idan ta haɗa duka biyun, na Lahadi sai ta ga dama, tana iya cewa ƙafarta na ciwo ta kwanta. Kwasar kaka ba ta taɓa ta da sunan kwalliya, buhun gero take saye da 'yar tunkiya ta ɗaure, su ne albashinta na damina da na azumi. Ƙaramarsu kuma tana tara kuɗin keken ɗinki ne, ta ce ranar da ya cika ta bar rawa. Sauran suka kwashe da dariya, wai shekara biyu ke nan tana faɗin haka.

Na tambayi Inna wane lokaci ya fi kawo kuɗi. Ba ta ɓoye ba, ta ce dare. Bayan isha'i, idan abokan ango suka shigo, aka kunna janareta, abin da za a zuba a awa biyu ya fi na yini guda. Amma ita ta yanke wa ƙungiyarta doka: a fara bayan la'asar, a tsaya idan an kira magariba, idan masu biki sun matsa a ƙara kaɗan bayan salla, kafin tara kowa na gidanta. Dalilanta uku ne, kuma ba ta jera su da wa'azi ba, da lissafi ta jera su. Na farko, tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar Katsina a 2000, taron dare mai cakuɗa maza da mata abin sa ido ne, yanzu ga 'yan Hisba, kuma ranar da aka kwashe maka lasifika ribar wata ta tafi. Na biyu, hanyar ƙauye da dare ba abin wasa ba ce, mai mota ma ninka kuɗinsa yake yi. Na uku shi ne wanda ta fi jan numfashi a kansa: matan manyan gidaje ba sa kiran ƙungiyar da aka san ta da rawar dare. Kuɗin dare ɗaya zai iya rufe maka ƙofa goma.

Ba kowa ce take jure wannan ba. Sun ba ni labarin 'yan mata da suka bar irin wannan kiɗa suka tafi gidajen gala a manyan birane, inda ake rawa a kan dandamali har tsakar dare, maza na liƙi. Babu wadda ta zage su a gabana. Doguwar cewa ta yi kuɗin can yana da yawa amma ba ya kwana, kayan sawa da kuɗin ɗaki da na kwalliya suke cinye shi. Sai na tuna cewa ko a Amurka, yawancin masu rawa a gidajen dare su ne suke biyan mai gida kuɗin fili kafin su hau dandamali, daren da babu kasuwa su koma gida da asara. Ashe duk inda aka je, mai rawa ce take fara zuba nata kafin a zuba mata.

Ana idar da la'asar muka fita. Bikin a wata unguwa ne can gefen gari, Napep biyu suka kwashe mu da kaya. Yinin biki ne, an kafa rumfa a tsakar gida da ƙofar gida, kujerun roba wajen ɗari, kuma kafin ƙarfe biyar babu ko ɗaya da babu kowa a kai. Mata za su kai ɗari da hamsin, ban da yara da suka hau katanga. Dangin amarya da ankon atamfa kore, dangin ango da ruwan goro. A bakin ƙofa wata yarinya na sayar da zoɓo da kunun aya naira 100 ƙulli, ruwan leda naira 50. Kusa da ita wani saurayi zaune da na'urar POS da jakar sababbin kuɗi, a tura masa ta waya ya ba da canji ya cire ladansa. Shi kam ko an yi rawa ko ba a yi ba, ya ci riba.

Aka zuba ruwa a baho, aka kifa ƙwarya. Bugun farko da guɗar da ta biyo baya suka sa tsikar jikina ta tashi. Na zuba wa doguwar ido don in ga yadda take aikinta. Ba ta fara da ƙarfi ba. Ta ɗaure gyale a ƙugu, tana taku a hankali, idonta yana yawo a cikin taron. Ta san uwar amarya, ta san gwaggo, ta gane wadda ta zo daga Abuja da wadda ta zo daga ƙauye. Inna na ambaton zuriyar wani gida, sai ta karkata can, ta rusuna gaban tsohuwar gidan, ta ja ta cikin fili. Tsohuwa na tashi, 'ya'ya da jikoki dole su tashi, nan take kuɗi suka fara sauka a goshi. Wazobiya da 'yan ɗari-ɗari sun fi yawa, jefi-jefi jaka guda, 'yar dubu kuwa sai an yi guɗa a kanta. Jikan Inna yana durƙushe yana tsincewa yana zubawa a wata ƙwarya, kuma doka ce babu mai sa ko Murtala ɗaya a cikin zaninta. Da uwar gida ta zauna, doguwar ma ta ja baya ta bar wa ƙaramar fili, ta sha ruwa. Ba ta ɓata gwiwarta a kan waƙar da babu mai tashi.

A doka, liƙin nan laifi ne. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyun, ga mai wulaƙanta naira. A wannan tsakar gida ban ga wadda abin ya dama ba. Abin da suke tunawa da ɗaci shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, aka riƙa biki babu abin liƙawa. Sai kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, kuma ta Kongolam ake tsallakawa a nufi Matamaye da Damagaram. Aure ya haɗa gidajen nan da na can tun kaka da kakanni. Dangin da suka zo daga Nijar da sefa suke liƙi, kuma takardar sefa ɗaya takan rinjayi tulin 'yan hamsin-hamsin. Ranar ma na ga guda biyu a cikin ƙwaryar, Inna ta ware su gefe, sai gobe Lahadi a canza a kasuwar Mai'aduwa.

Ladan na kiran magariba kiɗa ya tsaya cak, ko da yake wasu 'yan mata sun yi ta roƙon a ƙara. Aka zubar da ruwan baho a gindin bishiya. Muka koma gida, aka shimfiɗa zani a ɗakin Inna, aka juye ƙwarya a ƙarƙashin fitilar caji. Mutum uku suka yi ta miƙar da takardu suna jerawa, wasu sun jiƙe da gumi, wasu an tattake su. Liƙi ya tashi naira 47,000 da 'yan kai, ga 20,000 na kafin alƙalami. Aka fara cire kuɗin Napep zuwa da dawowa, da hayar batirin lasifika, da 2,000 na asusun ƙungiya wanda ake taɓawa idan wata ta kwanta ciwo ko ƙwarya ta fashe. Inna ta ɗauki kaso biyu, saura kowa ɗaya. Kowace ta tashi da kusan 6,000, ga ƙullin waina da naman biki a leda.

Doguwar ta ware 'yan dubu-dubu da 'yan ɗari biyar har 5,000, ta naɗe, ta ɗaure a bakin zani ta ce wannan na uwar adashi ne, ba nata ba. Ragowar ta sa a jaka. Na tambaye ta ko gobe hutu ke nan. Ta ce ina, akwai suna a Sandamu, kuma gawayinta ya ƙare.