Damagaram Daga Kan Dutse

Duk wanda ya shigo Damagaram, ko ta hanyar Yamai ko ta hanyar Magarya, abin da yake fara tarbarsa tun kafin ya hangi hasumiyar masallaci shi ne duwatsu: manya-manya, mulmulallu, wani bisa wani kamar an girke buhunan gero a sito. Amma a tambayi attajirin Kasuwar Dole, ko ma'aikacin da ya shekara goma a ofishin gwamna, yaushe rabonsa da hawa ɗaya daga cikinsu, sai ya yi dariya ya ce ai wannan aikin yara ne da awaki. Kuskure ne, domin akwai abin da mutum ba zai fahimta ba game da garin nan sai ya dube shi daga sama.

Kada mai karatu ya tsorata. Duwatsun da ke gefen Birni ba Bagzan ba ne, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000 can cikin Ayar. Dattijo mai ƙoshin lafiya zai kai sama cikin rabin awa, har da tsayawa ya huta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauka ba. A tashi bayan sallar asuba, a ajiye babbar riga a gida, a sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙi gorar ruwa. Ladabi ne a gaida mai unguwa a nemi yaro ya yi jagora, don babu hanyar da aka shata, sai wadda ƙafafun awaki da na almajirai suka fitar.

Farkon hawan yashi ne da tsakuwa, da ƙarangiya mai maƙale wa wando. Daga nan sai a shiga lungu tsakanin duwatsu biyu, inda sanyin dare bai gama fita ba, a bi ta kan wani fale mai santsi wanda tilas a haɗa da hannu. A nan ne kawai ake bukatar hattara: kada a cusa yatsu cikin tsaga, gidan kunama ne, wani lokaci ma na maciji. Wanda ya wuce wannan fale ya gama da wahala. Saura ƴan taku, sai iska ta bugi fuska, gari ya buɗe gaba ɗaya.

Ga Birni a ƙarƙashin ƙafa, lungunansa a murɗe, zankwayen soraye suna ɗaukar hasken hantsi, ga ƙofar fada da masallaci a gabanta. Daga nan ne ake gane dabarar sarakunan da suka mai da wannan wuri gidan sarautar Damagaram a farkon ƙarni na 19. Rabin ganuwa Allah ne ya gina musu. Sauran Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye da ƙasa, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin gari. Ganuwar ta zube, sai kufai nan da can, amma dutsen da ta jingina da shi yana nan yadda ya bar shi.

A waiga arewa, ga Zango, masaukin ayari. A nan raƙuman Abzinawa suke sauke gishirin Bilma da dabino, a nan fataken Tarabulus suke ƙulla ciniki kafin su gangara Kano, wadda ba ta fi kilomita 240 ba. Bature Barth ma a garin nan ya zauna daga ƙarshen 1852 zuwa Janairun 1853, yana jiran guzurin da za a aiko masa ta hamada. Tsakanin Zango da Birni kuwa akwai tudun da Faransawa suka zaɓa. Bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Mayun 1898, aka yi yaƙin Tirmini a Yulin 1899, rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga ta karye, sai suka hau dutse suka gina barikinsu suka sa masa sunan mamacin. Su ma sun san abin da sarakuna suka sani: wanda ya riƙe dutse ya riƙe gari. Wuri ne na soja, saboda haka mai ɗaukar hoto ya juya waya wani gefen.

To, amma a sake duban ƙasa da kyau, a bar soraye a dubi tituna. Tun rana ba ta yi zafi ba za a ga ƴan garuwa suna tura kura, da layin jarkoki rawaya a bakin famfo. Wannan ma aikin dutsen ne. Abin da ke bisa kai ɗan kaɗan ne. Sauran yana shimfiɗe a ƙarƙashin gari, kuma irin dutsen nan ba ya shan ruwa, ba ya ajiye shi, sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga da kwari. Da damina ruwa ya zubo ya rasa inda zai nutse, ya cika tafkuna, wata shekarar ya ci gidaje. Da bazara a haƙa rijiya gaba kaɗan, sai diga ta yi ƙara. Sa'ad da mutanen gari ba su da yawa, abin da tsagogin suka riƙe yakan isa har a yi lambu. Da gari ya bunƙasa sai asiri ya tonu. Damagaram ce babban birnin ƙasar nan tun daga 1911, amma a 1926 Faransawa suka kwashe ofisoshinsu suka koma Yamai bakin kogi, kuma ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da suka bayar. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 200,000, ruwan da suke sha kuwa daga nesa ake turo shi cikin bututu, daga rijiyoyin Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa nan, wanda yake gunaguni cewa famfonsa ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, ya hau dutse sau ɗaya. Gunagunin ba zai ƙare ba, haƙƙinsa ne, amma zai san da wa ake kokawa.

Abin takaici shi ne halin da duwatsun suke ciki. Gindinsu ya zama juji da makewayi, baƙar leda ta cika lunguna, wasu kuma ana fasa su ana sayar da tsakuwa ga magina. Masu fasawa ba abin zargi ba ne, abinci suke nema da guduma a tsakar rana. Sai dai Kanawa sun yi wa Dala matakala, baƙo ya hau ya ga birni ya sauka ya ba da labari, mu kuwa ko allo babu. Ba aikin miliyoyi ba ne: a ware dutse ɗaya a share shi, a yi ƴan matakala a wurin falen nan mai santsi, a sa mai gadi. Attajirai biyar na Dole za su iya, in magajin gari da fada sun ba da wuri.

Saukowa ta fi hawa wuya ga gwiwa, kuma gara a yi ta kafin ƙarfe tara, don daga nan dutsen yakan ɗauki zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa. A bi ta gefen yamma inda inuwa take, a fita ta lungun da ke kai wa ƙofar fada. Akwai mai shayi a bakin hanya, da mai ƙosai kusa da shi.